Tazkiyar Ma'aunin Lantarki Kafin a Karɓi Shaidarsa

Wutar lantarki ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta kuma yin sallama kafin ta kama mutum. Saboda haka mai aikin wayarin, komai zurfin saninsa da daɗewarsa a sana'a, ba shi da hanyar gane abin da ke gudana a cikin waya sai ta bakin na'urorin awon da ke jakarsa. Na'urar nan shaida ce, malaman fiƙihu kuwa sun daɗe da tabbatar da cewa alƙali ba ya gina hukunci a kan maganar shaidu sai an yi musu tazkiya, an binciki adalcinsu. Abin da ke damuna shi ne yadda da yawa daga cikin masu wannan sana'a suke sayen mita su shekara biyar suna aiki da ita, ba su taɓa tambayar ko gaskiya take faɗa musu ba, alhali rayukansu da na iyalan da za su kwana a gidan suna rataye ne a kan lambar da ta nuna.

Mas'ala ta farko, wadda ta fi kowace hatsari, ita ce tabbatar da cewa waya ba ta ɗauke da wuta kafin a sa mata hannu. Ƙa'idar masana a nan matakai uku ce: a fara ɗora na'urar a soket ɗin da aka tabbata akwai wuta a ga ta amsa, sa'an nan a gwada wayar da za a yi aiki a kanta, daga bisani a sake komawa soket ɗin farko, domin na'urar da ta mutu a tsakanin gwaji biyu sifili za ta nuna, daidai da yadda mai lafiya za ta nuna a kan matacciyar waya. Wannan ya ƙara zama wajibi a gidajenmu, inda kashe wutar NEPA ba ya nufin an kashe wutar gida, tun da janareta ko inbata suna iya ciyar da layin ta wata fuska. Tasta kuwa, ɗan sukuddireban nan mai fitila da ake maƙalawa a aljihu, ban yarda a jingina rai da shi ba, gama haskensa ya dogara ne da 'yar wutar da ke ratsa jikin mai riƙe da shi zuwa ƙasa. Mutumin da ke tsaye a kan busasshen tsani na katako, ko a cikin hasken rana, yana iya rasa ganin komai alhali bolt 230 na jiransa.

Mita mai nuna lambobi tana da nata illolin. Idan batirinta ya yi sanyi, da yawansu sukan nuna adadin da ya zarce na haƙiƙa, sai mai aiki ya ɗora laifi a kan kamfanin wuta ba bisa hujja ba. Wayoyin awon su ma sukan tsinke daga ciki ba tare da robar ta nuna alama ba, don haka kafin a auna tirjiyar kowace waya sai a haɗa bakunansu biyu a ga abin da mita ta ce, wanda bai kamata ya wuce ɗan ɓangare na om ɗaya ba, a kuma cire shi daga lissafi. Wani abin lura shi ne mitoci masu araha an gina lissafinsu ne a kan wuta mai tsabtataccen zubi irin ta layin gwamnati, har idan aka ɗora su a kan ƙaramar inbata mai gurɓataccen zubi sukan kauce wa gaskiya da tazara mai yawa. Mai wannan aiki yana bukatar wadda aka rubuta True RMS a jikinta. Ƙurar hunturu, zafin bazara da faɗuwa daga kan tsani duk suna taɓa daidaiton na'ura a hankali.

Akwai kuma Megger, na'urar da ke tura bolt 500 cikin wayoyin gida domin ta gano ko robar da ta lulluɓe su tana zurar da wuta. Ƙa'idojin wayarin na Ingila, waɗanda makarantun sana'a a Najeriya suka daɗe suna karantarwa, sun gindaya cewa sakamakon kada ya gaza om miliyan 1. Idan wannan na'ura ta raunana har ba ta kai bolt ɗin da ta yi da'awa ba, za ta wanke wayarin mai aibi, gobarar da za ta biyo baya kuwa ba wanda zai danganta ta da ranar gwajin.

Maganin bai fi ƙarfin talaka ba. Mai sana'a ya tanadi 'yan rasistoci da aka san ƙimarsu, misali om 1, om 100 da om miliyan 1, ya keɓe soket ɗaya a shagonsa, kowane wata ya auna su ya rubuta sakamakon da kwanan wata a littafi; da zarar lambobin sun soma karkata, littafin zai tona asirin tun kafin aiki ya ɓaci. Gwama mita biyu a kan soket ɗaya yana da fa'ida, amma in sun saɓa sai an nemo ta uku. Duk wannan ba ya ɗauke bukatar kai na'ura ɗakin gwaji, galibi sau ɗaya a shekara, inda za a gwama ta da ma'aunin da shi ma aka gwama da wanda ya fi shi, har silsilar ta tuƙe ga cibiyoyin awo na ƙasa, irin wadda hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ta kafa a Inugu, da ofishin ma'aunai na duniya da ke Sèvres kusa da Paris, wanda wata yarjejeniya ta shekarar 1875 ta haifar.

Maigida ma yana da haƙƙin tambaya. Ya nemi a nuna masa takardar gwajin na'urar da ranar da aka yi shi, ya duba ko an rubuta CAT III a jikinta in za a yi aiki a allon rarraba wuta, ya kuma nemi a rubuta masa lambobin da aka samu ɗaki bayan ɗaki kafin ya biya cikon kuɗin aiki.