Tsakanin Kaɗa Da Allura: Na'urorin Da Ake Ɗaura Wa Injin Saƙa Mai Kewaya

Duk ɗalibin da ya sanya singileti da safa yau da safe kafin ya fito makaranta, to ya sanya tufafin da ƙoshiya ba ta taɓa ratsa su ba. Kalmar saƙa ɗaya ce a Hausa, amma sana'o'i biyu take ɗauke da su. Akwai saƙar masaƙi, inda ake miƙe zare a tsaye a riƙa gilma masa abawa, kuma irin wannan ce ke ba mu gwado da atamfa da shadda. Akwai kuma wadda ake yi da zare tilo, a lanƙwasa shi ya yi ido kamar na raga, a zura sabon ido cikin tsohon, a yi ta maimaitawa har tufa ta samu. Ita ce mata ke yi da tsinke ko da keken saƙa, su fitar da hular jarirai da rigar sanyi. Tana miƙewa in an ja ta, ta koma in an sake ta, domin idon ne ke buɗewa yana rufewa.

Keken saƙa na cikin gida yawanci shimfiɗaɗɗe ne, ana tura kansa dama da hagu. A masana'antu kuwa an fi amfani da inji mai kewaya, wanda aka jera alluransa a da'ira, yana juyawa ba tsayawa, yadi na sauka ƙarƙashinsa kamar buhun da ba shi da gindi.

Me ya haɗa wannan inji da Zamfara? Auduga, wadda mutanen yankin ke kira kaɗa. Ita da gyaɗa ne suka jawo hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ta isa Ƙauran Namoda a 1929. Kamfanin BCGA ya kafa injin gurza a Gusau, kana a shekarun 1960 aka buɗe masaƙar Zamfara Textile a garin. Daga baya masaƙar ta bi sahun 'yan'uwanta na Kaduna da Kano da suka durƙushe, aka bar manomi yana sayar da kaɗarsa ɗanya, yana sayen singiletin da aka saƙa a Sin. Tayar da babbar masaƙa abu ne mai neman jari mai nauyi. Saƙar ido ba ta kai nan ba, domin ba a yin wadari, ba a sa wa zare koko, daga kan ƙwarya sai bakin allura, har inji ɗaya na iya riƙe ƙaramar masana'anta. Sai dai wanda ya sayi gangar jikin injin kurum, ya raina 'yan na'urorin da ake ɗaura masa, ya sayi rabin inji ne.

Yadda allura ke yin ido

Wani Baturen Ingila mai suna William Lee ne ya ƙera injin saƙar safa na farko a 1589. A 1816 Marc Brunel ya yi rajistar wanda aka jera alluransa a da'ira, amma bai karɓu sosai ba sai bayan da Matthew Townsend na birnin Lesta ya fito da allura mai harshe a ƙarshen shekarun 1840. Allurar tana da ƙugiya a kai, da ɗan harshen ƙarfe a ƙasan ƙugiyar wanda ke buɗewa yana rufewa kamar ƙyaure. In allura ta tashi sama, tsohon ido sai ya zame ƙasa, ya ture harshen ya buɗe. Ƙugiya ta cafki sabon zare, allura ta juya ƙasa, tsohon idon ya ɗago harshen ya rufe bakin ƙugiya, ya haye ta kansa ya faɗa. Ke nan an zaro sabon ido ta cikin tsoho, kuma zaren da kansa ne ya buɗe ƙofa ya rufe. Abin da ke ɗaga allurar ya sauke ta wata hanya ce ta ƙarfe mai tudu da gangare, wadda makanikai ke kira kam.

Ga lissafi ga 'yan aji. Injin da faɗinsa ya kai inci 30 yana da kewayen kusan inci 94. In akwai allura 24 a kowane inci, allurai 2,256 ke nan. Irin wannan inji kan sha zare ta baki 90 a lokaci guda, in kuwa yana juyi 25 a minti, to ya yi ido fiye da miliyan 5 kafin minti ya cika. A irin wannan gudu ba idon ɗan Adam da zai iya tsaron kowane zare.

Duk da haka, abin da allura da kam za su iya su kaɗai bai wuce yadi fili ba, mai naɗewa a baki, wanda in ido ɗaya ya tsinke sai ya tsefe har ƙasa kamar tsani. Sauran aikin duk na na'urorin ƙari ne.

Faifan da ya ba safa wuya

Mai karatu ya dubi wuyan safarsa ko bakin hannun rigar sanyi. Zai ga layuka masu tudu da kwari kamar kunyoyin gona. Ana samun su ne in an ɗora wa injin wani faifai a sama, mai ɗauke da jerin allurai na biyu a kwance, suna jan ido ta baya yayin da na tsaye ke ja ta gaba. Yadin da ya fito ba ya naɗewa, kuma yana kama ƙafa ba tare da roba ba. Asalin dabarar ta Jedediah Strutt ce, wanda ya ɗaura irin wannan jeri a jikin injin Lee, ya yi rajistarsa a 1758 da 1759, aka san shi da saƙar Dabi.

Akwai darasi a labarin Strutt. Da ya yi arziki da safa, sai ya tarar zaren audugar da ake samu a lokacin ba shi da daidaito, saboda haka ya zuba jari a injin kaɗi na Richard Arkwright, suka gina masana'antar Cromford a 1771. Watau tun farko mai saƙar ido ne ya fi kowa matsuwa da zare mai kyau, kuma har gobe haka abin yake.

Sauran na'urori na wannan sahu ba sai an daɗe a kansu ba. Akwai mai sauya zare, wadda ke yanke launi ɗaya ta miƙa wani, ita ke yi wa safar makaranta zobe. Akwai 'yan farantan da ke ɗaga zare ya yi gashi irin na tawul a tafin safa. Akwai kuma mai shigar da zaren roba na sifandes, wanda aka ƙirƙiro a kamfanin DuPont na Amurka a 1958.

Abin da masanin halitta ke gani

Na'urorin da suka fi jan hankalina su ne waɗanda aka ƙera saboda halin audugar kanta. Kowane silin auduga ƙwayar halitta ce guda ɗaya tak, wadda ke tsirowa daga fatar angurya ranar da fure ya buɗe. Takan yi kamar mako uku tana tsawo, har ta kai milimita 25 zuwa 30 a irin da aka fi nomawa, tsawon da ya ninka kaurinta fiye da sau dubu. Daga nan sai ta shiga kaurara bangonta da sinadarin selulos, shafi bisa shafi. In ƙwallon ya fashe, silin ya bushe, sai ya lotse ya murɗe kamar tsumagiya. Wannan murɗewa ce ke sa silai su riƙe juna a hannun mai kaɗi.

To amma halitta ba ta fitar da kaya bai ɗaya kamar masana'anta. In an yi lattin shuka, ruwa ya ɗauke kafin bango ya yi kauri, ko tsutsa ta huda ƙwallon, ko aka tsince shi bai nuna ba, silin zai fito da bango siriri. Irinsa ne ke dunƙulewa ya zama ƙulli a jikin zare, ba ya kuma shan rini sosai, sai a ga fararen ɗige-ɗige a riga. Darɓa da farin ƙuda suna zubar da ruwa mai zaƙi a kan buɗaɗɗiyar auduga, ta riƙa danƙo a inji, matsalar da ta daɗe tana damun manoman Jazira a Sudan. Wadda ta fi ban takaici kuwa ta hannunmu ce: zuba kaɗa a buhun leda na taki. Zaren buhun yana shiga cikinta, injin gurza ba ya raba su, rini ba ya kama shi, ya fito fes a tsakiyar yadi. Manomin Bungudu ko Tsafe da ya tsinci kaɗarsa cikin buhun yadi ya yi wa mai inji aikin da babu na'urar da za ta yi masa da araha. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar da irin auduga masu suna SAMCOT, har da masu dogon sili, amma iri mai kyau ba ya gyara tsinta marar kyau.

Saboda wannan rashin daidaito ne ake ɗaura wa kowane bakin zare na'urar ciyarwa. A 1959 wani masani a Ingila, D. L. Munden, ya nuna cewa faɗi da tsawon yadin saƙar ido, bayan ya huta, sun dogara ne kusan kacokan a kan tsawon zaren da ke cikin ido ɗaya. In aka bar allurai su ja zare da kansu, ƙwaryar da ta cika da wadda ta kusa ƙarewa ba za su saki zare da sauƙi ɗaya ba, sai wani layi ya matse wani ya saki, yadi ya fito da zane-zane a gicciye. Na'urar ciyarwa 'yar ƙafa ce da zare ke naɗuwa a jikinta, bel ɗaya ke juya su duka, saboda haka kowane baki na samun zare daidai da na ɗan'uwansa. A ganina, in kuɗin mai saye bai kai ya haɗa komai ba, gara ya haƙura da mai sauya launi ya sayi wannan.

Kusa da ita akwai mai tsayar da inji. Ɗan hannun ƙarfe ne da zare ke riƙe da shi. Zare na tsinkewa sai ya faɗi, ya haɗa lantarki, inji ya tsaya, fitila ta nuna wurin. Akwai irinta mai lura da allurar da harshenta ya karye, domin allura ɗaya mai lahani tana jan layi a tsawon yadin gaba ɗaya.

Wata matsala kuma kowa ya san ta ko da bai san dalilinta ba: rigar da in an wanke ta sai ɗinkin gefe ya karkato gaba. Zaren da aka murɗa da ƙarfi yana neman warwarewa, sai ya kwantar da kowane ido gefe ɗaya. Don haka ne zaren saƙar ido ke son sassaucin murɗi, ya fi kusa da abawa bisa ga zaren tsaye, kuma akan shafa masa kakin farafin don ya sulɓe a ƙugiya. Wanda ya ɗauko zaren da aka kaɗa domin masaƙa ya ɗora wa wannan inji, zai ga abin da ya saya bayan wankin farko.

Hunturu

Auduga tana shan danshi daga iska. In danshin iska ya kai kashi 65 cikin 100, takan riƙe ruwan da ya kai wajen kashi 8 na nauyinta, kuma saɓanin yawancin zaruruwa, ƙarfinta ƙaruwa yake in ta jiƙa. Da hunturu danshin iska a ƙasar Hausa kan faɗi ƙasa da kashi 20. Zare ya bushe, ya yi gautsi, gajerun silai su riƙa tashi kamar hazo suna taruwa a ramukan allura, su cakuɗe da mai, har wani dunƙule ya faɗa cikin saƙa ya huda ta. Zaren ulu na kanti, wanda yawancinsa akirilik ne ba gashin tunkiya ba, nasa ciwon daban: yana tara lantarkin gogayya, ya riƙa manne wa ƙarfe. Abin mamaki, lokacin da kasuwar rigar sanyi ke ci a Gusau shi ne lokacin da injin ya fi wahala.

Maganin yana jikin wasu na'urori marasa kwarjini: 'yan fankoki masu zagaya saman inji suna kore ƙura, bututun da zare ke bi a rufe daga ƙwarya zuwa baki, famfon da ke ɗiga wa allurai mai a kan ƙa'ida, da na'urar fesa raɓa a ɗaki. Injin da aka yi amfani da shi a ƙasa mai laima zai iya zuwa babu wasu daga cikinsu, mai saye a nan kuwa ba shi da zaɓi sai ya nema. Haka kuma ya tambayi lambar allurar injin tun kafin ya biya, domin allura ce ke fara ci, kuma ta wani inji ba ta shiga wani.

Malamin da ke son nuna wa ɗalibai duk wannan ba ya buƙatar inji. A samo tsohuwar rigar sanyi, a ƙirga ido 50 a layi ɗaya, a sa alama da biro a farko da ƙarshe, a warware zaren a miƙe shi a kan rula, a raba tsawon da 50. A maimaita a layuka biyar, a gwada ta hannu da ta kanti, a ga wadda lambobinta suka fi kusa da juna. Sa'an nan a ɗauko silai kaɗan daga ƙwallon da ya nuna da wanda aka fasa da ɗanyensa, a ɗiga musu ruwa a kan gilashi, a duba a madubin ƙara girma na ɗakin gwaji. Na farkon zai nuna murɗi a jere, na biyun kuwa zai fito shimfiɗe, haske na ratsa shi.