Cinikin Biri A Sama: Hattara Da Gilashin Kyamara Na Hannu

Duk da yawan wayoyin salula a hannun jama'a, har yanzu a unguwannin Nima da Maamobi na birnin Accra taron aure ko suna ko Maulidi ba ya cika sai an ga mai hoto rataye da babbar kyamara. Jarin wannan bawan Allah kuwa shi ne gilashin da ke gaban kyamarar, musamman mai jawo nesa kusa, wanda masu sana'ar ke kira zum. Sabonsa yana da tsada, shi ya sa akasarinsu na hannu suke nema.

Idan ba a manta ba, a shekarar 2018 kamfanonin Canon da Nikon suka fito da sababbin kyamarori marasa madubi a ciki, masu bakin RF da Z. Masu hoto a Turai da Amurka da Japan sun yi ta sayar da tsofaffin gilasansu, wasu kuma sukan iso Gana ta tashar jiragen ruwa ta Tema ko cikin jakunkunan matafiya. Ɗan kasuwar da ya sari irin wannan kaya domin kai wa Aflao ko Paga, idan ya tsallaka iyaka da shi, to babu zancen mayarwa. Don haka dole a duba tun kafin kuɗi su bar aljihu.

Babban abokin gabar gilashi a Accra shi ne danshin bakin teku, wanda ke haifar da fumfuna a cikinsa. Mai saye ya cire murfin gaba da na baya, ya haska tocilar wayarsa ta gefe guda, ya leƙa ta ɗayan. Idan ya ga farin zare-zare kamar saƙar gizo-gizo, ko wani hazo ya lulluɓe ciki, to ya haƙura da shi komai araharsa, domin fumfuna idan ta daɗe takan cinye shafen da ke jikin gilashin, wanki kuwa ba ya mayar da shi. Amma 'yar ƙura kaɗan ko ƙaramin ƙarce a gilashin gaba ba su cika ɓata hoto ba, sai dai su zama dalilin neman ragi. Ƙarcen gilashin baya shi ne abin gudu.

Na biyu, a murza zoben zum daga farko zuwa ƙarshe. Idan yana cijewa, ko ana jin kamar yashi a ciki, ko kuma bakin da ake ɗaura matatar haske ya lotse, alama ce ya taɓa faɗuwa. Haka nan ƙananan kusoshin baya, idan kawunansu sun goge, wani ya taɓa kwance shi.

Na uku, a tabbatar ya dace da kyamarar da za a sa masa. Bakin EF na Canon, wanda aka fara a 1987, ba ya shiga Nikon, ita da take amfani da bakin F tun 1959. Ko a gida ɗaya akwai bambanci: gilashin EF-S, irin 18-55mm, ba ya hawa Canon 5D, sannan tsohon gilashin Nikon mai alamar AF-D ba ya saita hoto da kansa a kan D3100 ko D5100.

Daga ƙarshe sai gwaji. A ɗora shi a kan kyamara, a ɗauki hoton bango mai rubutu, kusa da nesa, sannan a faɗaɗa hoton a duba kusurwoyi huɗu. Idan gefe ɗaya ya fito tangaran ɗayan kuma dishi-dishi, to gilasan ciki sun goce, gyaransu kuwa kan ci kuɗin da ya kusa na sayen wani.

Mai kayan da ya hana a gwada, ya riga ya ba da amsa. Wanda kuma ya yarda, a karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin gilashin, domin kariya ce idan aka zo da zancen kayan sata, kuma takan yi amfani a gaban jami'an kwastan. 'Yan uwa 'yan kasuwa, mu tuna araha ba ta ado. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka.