Au Pair Ba 'Yar Aiki Ba Ce

Duk sanda hira ta biyo ta kan yadda ma'aurata masu aiki a Turai da Amurka ke rainon ƙananan 'ya'yansu, sai an sami mai cewa, "Ai su sun huta. Yarinya suke ɗaukowa daga wata ƙasa, su ba ta ɗaki da ɗan kuɗin sabulu, ta yi musu raino da shara da wanke-wanke. 'Yar aiki ce kawai aka sauya wa suna." Tsarin da ake nufi shi ne au pair, inda matashiya, wani lokaci ma matashi, ke zama da wani iyali a ƙasar waje na kimanin shekara guda, tana taya su kula da yara tana koyon harshensu. Masu wannan magana ba su rasa hujja ba, kuma zan kawo hujjar tasu. Sai dai a ganina daga bakin ƙofa suka leƙa. Wanda ya shiga gidan zai tarar nauyin da masu gida suka ɗauka bai gaza wanda aka sauke musu ba.

Tun asali ba don samar da masu aikin gida aka tsara abin ba. Yarjejeniyar da Majalisar Ƙasashen Turai ta fitar a Strasbourg a 1969 ta taƙaita hidimar au pair zuwa awa 5 a rana, ta ce a ba ta cikakken yini guda na hutu kowane mako, a kuma bar mata lokacin zuwa ajin koyon harshe da na ibada. A Jamus a yau ba a yarda ta wuce awa 6 a rana ko awa 30 a mako ba. Iyalin ne za su ba ta ɗakinta ita kaɗai, su ciyar da ita, su biya mata inshorar lafiya da ta haɗari, su ba ta Yuro 280 na kashewa duk wata, su kuma sa nasu kason a kuɗin makarantar Jamusanci. In ta cika shekara tana da hutun mako 4, kuɗinta na tafiya. A Amurka, inda shirin ya faro a 1986, an fi sakar wa iyali mara: awa 45 a mako, amma ba fiye da 10 a rana ba. Duk da haka sai sun biya ta aƙalla Dala 195.75 a mako, su ba da har Dala 500 na karatunta, ban da dubban dalolin da kamfanin da ya haɗa su ke karɓa.

To, a ɗora waɗannan ƙa'idoji a kan gida na gaske. Mu ce mata da miji ne a Jamus, kowa na fita aiki, suna da ɗan shekara biyu da 'yar shekara biyar. Ƙarfe bakwai na safe baƙuwar ta fito, ta sa wa yara kaya, ta ba su abin kari, ta raka su makarantar raino. Awa biyu sun tafi. Da hantsi tana aji. Ƙarfe uku ta ɗauko su, ta kai su filin wasa, ta dawo ta wanke musu jiki, ta zauna da su har uwa ta shigo wajen ƙarfe shida da rabi. Lissafin ranar ya kusa cika ke nan. Goge tagogi, gugar kayan maigida, girkin baƙi, duk ba nata ba ne. Ranar da ƙaramin ya tashi da zazzaɓi aka ce ya zauna a gida, awa shida ba za su kai yamma ba, dole ɗaya daga cikin iyayen ya nemi izini a wurin aiki. Wane mai 'yar aiki ne ke zama da takarda ranar Lahadi da dare yana ƙirga awoyinta don kada ya shiga haƙƙinta?

Abin da ya fi awoyin wuya shi ne zaman kansa. Tebur ɗaya ake cin abinci da ita. Yaro ya kifar da kofin madara ana tsakiyar cin abincin dare, lokacinta ya riga ya ƙare, wa zai tashi? In ta tashi yau ta tashi gobe, ya zama aiki. In ta zauna tana kallo, ran uwar gida ya sosu. Da safiyar Asabar, ranar hutunta, ɗan shekara biyun nan bai san jadawali ba. Zai je ya yi ta buga mata ƙofa yana kiran sunanta, sai uba ya baro shimfiɗarsa ya ɗauke shi. Ita kuwa yarinya ce mai shekara sha tara ko ashirin, ƙila wannan ne karon farko da ta rabu da iyayenta. Za ta yi kewar gida, sanyi zai dame ta, abincin zai gundure ta. Masu gida ne za su kai ta rajista a ofishin gari, su nuna mata likita, su koya mata hanyar jirgin ƙasa, su kasa barci in dare ya yi ba ta dawo ba. Bahaushe ya san bambancin 'yar aiki da 'yar riƙo, kuma ya san wadda ta fi nauyi a wuya. Au pair ta fi kusa da ta biyun, sai dai ita tata amanar a rubuce take, da sa hannu.

Akwai kuma kuskuren ɗaukarta ƙwararriyar mai raino. Hukumomin Amurka da kansu ba su ɗauke ta haka ba. Sun hana a bar mata jaririn da bai kai wata uku ba sai da babba a gidan, kuma ba a kai ta gidan da ke da yaro ƙasa da shekara biyu sai ta nuna shaidar awa 200 na kula da jarirai. Makonnin farko koyarwa ne zalla: yadda ake ɗaure yaro a kujerar mota, abin da ba ya ci, wanda za a kira in ya faɗi, ga harshe bai gama zama a bakinta ba.

Yanzu ga hujjar masu wancan ra'ayi, kuma mai ƙarfi ce. A 2019 kamfanoni 15 masu kawo au pair Amurka sun amince su biya Dala miliyan 65.5 don kashe wata ƙara da aka shigar a Denver a madadin kusan mutum 100,000, bisa zargin danne musu albashi. A watan Afrilun 2024 Birtaniya ta soke rangwamen da ya ba iyalai damar ƙin biyan mafi ƙarancin albashi ga masu hidimar da ke zaune da su a gida. A shekarar kuma Norway ta rufe shirin ɗungurungum, bayan an daɗe ana kukan cewa ya koma hanyar samun 'yan aiki masu araha, akasarinsu daga Filifin. Ba wanda zai musa waɗannan. Yarinyar da bizarta da makwancinta da abincinta duk ke hannun mutum ɗaya, ba ta da bakin cewa a'a cikin sauƙi.

Amma a duba abin da waɗannan misalai suka nuna. Gidajen da suka jawo kuka da rufe shiri su ne waɗanda suka yi aiki da ra'ayin nan da muke magana a kai: sun ɗauka sun sami banza, suka mai da awa 30 ta koma 50, suka mai da baƙuwa baiwa. Ke nan maganar ta dace da masu karya doka, ba ta dace da masu kiyaye ta ba. Kuma yawan maimaita ta ba tare da bambancewa ba yana da illa, domin sabon iyalin da ya ji ta zai shiga da wannan tsammani, yarinyar da ke shirin tafiya ita ma za ta ɗauka haka abin yake, ta haƙura da abin da bai kamata ta haƙura da shi ba.

Yaran ma suna da nasu kaso a lissafin. Yaro ƙarami ba ya rarrabe mai albashi da ɗan gida. Wanda ya saba gani da safe shi ne nasa. In aka zauna lafiya zai koyi waƙoƙi da kalmomin wani harshe, ya san tun yana ƙarami cewa duniya ta wuce unguwarsu. Amma wa'adi zai cika. A Jamus shekara guda ce ba ƙari, a Amurka ana iya tsawaitawa zuwa biyu. Iyaye ne za su shirya shi don rabuwar, su jure tambayarsa ta "yaushe za ta dawo?", sannan su sake faro koyarwa da wata sabuwa.

Saboda haka, wanda buƙatarsa mai share gida ce ko mai raino daga safe zuwa dare, ya nemi ma'aikaciya ya biya ta albashinta cikakke, shi ya fi masa sauƙi kuma ya fi adalci. Tsarin au pair na gidan da ke da ɗakin bayarwa ne, da haƙurin koyarwa, da shirin karɓar 'yar wasu a matsayin amana har shekara ta zagayo.