SAUYE-SAUYEN KIƊA A BIRNIN KANO, DA ABIN KOYO DAGA AMURKA DA INGILA

Kwanan baya muna zaune da ɗalibanmu masu koyon aikin malanta, sai hira ta kai mu ga maganar kiɗa. Muka tambaye su bambancin kotso da taushi, aji ya yi tsit, in ban da yaro guda, shi ma don kakansa makaɗi ne. Amma da muka ce a faɗa mana sunayen mawaƙan Amurka, kowa ya ɗaga hannu. Galibinsu kuwa a cikin badala aka haife su. Ba mu yi musu faɗa ba, gama laifin ba nasu ba ne, amma abin ya tsaya mana a rai, shi ya sa muka ga ya kamata mu kawo shi gaban masu karatu.

Tun da kunnen yaran ya karkata can, bari mu fara duba yadda kiɗa ya yi ta sakewa a waɗannan ƙasashe biyu.

YADDA AKA YI A AMURKA DA INGILA

Bayin da aka kwashe daga Afirka ta Yamma sun tafi Amurka da waƙoƙinsu na aiki, da irin molonsu wanda ya zama banjo. Daga jikokinsu na kudancin ƙasar aka sami waƙar buluz, watau waƙar kukan zuci, aka kuma sami kiɗan jaz a birnin New Orleans. An buga faifan jaz na farko cikin 1917, daga nan garmaho ya kai shi gidajen da ba su taɓa ganin makaɗan ba. Aka haɗa jita da lantarki, sauti ya ƙara ƙarfi, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma aka sami rokanrol, wanda Elvis Presley ya yi suna da shi cikin 1956.

Samarin Ingila suka riƙa sayen waɗannan fayafayai suna kwaikwayo, har suka gwanance. Cikin 1964 ƙungiyar Beatles ta birnin Liverpool ta haye Amurka, ta sayar wa Amurkawa abin da asalinsa nasu ne. Sa'an nan aka yi yayin kiɗan sol na su James Brown. Cikin 1973 kuma yaran unguwar Bronx ta birnin New York suka soma jero magana a kan amon faifai, abin da a ke kira hip-hop. Wanda ya lura zai ga kowane sauyi a cikin waɗannan ya biyo bayan abu biyu ne, sabuwar na'ura da sabon mai biyan makaɗi.

YADDA AKA YI A CIKIN BIRNI

Haka al'amarin ya ke a nan Kano. Tarihi ya nuna Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ne ya kawo busar kakaki. A zamanin da kowane kiɗa da ubangidansa. Tambura da kakaki da algaita da kotso na sarauta ne, kalangu na mahauta, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma, mata kuwa suna da ƙwaryarsu ta amada a cikin gida. Kiɗa gado ne, ɗa ya tashi yana ɗaukar wa ubansa ganga, ya koyi take da kirarin kowane gida, da sunayen kakannin masu gidan. Sabo da haka makaɗi ma'ajin tarihi ne, ko da ya ke bai iya riƙe alƙalami ba.

Da Turawa suka zo, badala ta daɗe tana tsare birni daga kiɗan baƙi. Kiɗan hailaif na mutanen Ikko da Gana a otal-otal na Sabon Gari ya tsaya. Ko cikin 1960, da mashahurin mai busa ƙahon jaz Louis Armstrong ya zo Nijeriya har ya gana da Sardauna, busarsa ba ta sake kiɗan bikin cikin birni ba. Abin da ya tsallake badala na'ura ce. Cikin 1944 aka kafa rediyo mai waya a Kano. Cikin 1951 aka buɗe silimar Palace a cikin birni, malamai da dattawa suna ta ƙorafi. Finafinan Indiya da aka riƙa nunawa a silimu suka kama zukatan samari fiye da na Amurka, har daga baya masu bege da bandiri suka riƙa ɗora yabon Annabi a kan karin waƙoƙinsu.

Rediyon Kaduna da aka buɗe cikin 1962, da kaset da ya yawaita bayan 1970, su suka ɗaukaka irin su Mamman Shata mai kalangu da Ɗan Maraya Jos mai kuntigi. Makaɗi ya daina dogara ga ubangida guda, ya koma yi wa attajiri da direba da soja da ɗan siyasa. Cikin 1990 aka yi fim ɗin Turmin Danya a Kano, sana'ar fim ta kafu, fiyano ya shigo. Yaro guda a ɗaki da fiyano da kwamfuta sai ya yi aikin makaɗa goma, aka sami waƙoƙin da a ke kira nanaye. Bayan shekara ta 2000 hip-hop ma ya iso, irin su Nazir Ahmad Hausawa, wanda a ke kira Ziriums, suka yi shi da Hausa. Jama'a kuwa suka raɗa masa suna gambarar zamani, don sun ji ya yi kama da zuban 'yan gambara da suka sani tun tuni.

INDA SUKA FI MU

Hausawa sun ce in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake, kuma ba mu ga wanda ya taɓa hana wannan da doka ba. Inda mutanen can suka fi mu shi ne ajiya. Tun 1903 wani malamin makaranta, Cecil Sharp, ya shiga ƙauyukan Ingila yana rubuta waƙoƙin tsofaffi. Daga 1933 John Lomax da ɗansa Alan suka riƙa yawo da na'urar ɗaukar murya a gonaki da gidajen kurkuku na Amurka, suna ajiyewa a babban ɗakin littattafai na majalisar ƙasar. Cikin 1941 Alan ya ɗauki muryar wani ɗan ƙodago a wata gonar auduga ta Mississippi, ana ce da shi Muddy Waters. Mutumin nan ya koma Chicago ya shahara, kuma daga sunan wata waƙarsa ƙungiyar Rolling Stones ta Ingila ta ɗauki sunanta. Ajiyar tsohon kiɗa ita ta ba sabon abin da zai tsaya a kai.

Mu ma an yi ƙoƙari. David Ames da Anthony King sun buga ƙamus na kayan kiɗan Hausa cikin 1971, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero kuma ya tattara tarihin makaɗa da waƙoƙinsu masu yawa. Ɗanƙwairo ya rasu cikin 1991, Shata cikin 1999, Barmani Choge cikin 2013, Ɗan Maraya cikin 2015, duk sun bar muryoyinsu a kaset. Damuwarmu ita ce makaɗan unguwa waɗanda ba su taɓa shiga gidan rediyo ba, mai kalangun mahauta da mai dundufa da tsohuwa mai amada. 'Ya'yansu sun kama wasu sana'o'i, kuma ran da aka binne ɗayansu, an binne shi da take da kirarin zuriya guda.

ABIN DA ZA MU IYA YI

Aikin nan ba ya bukatar kuɗi masu yawa, tun da kusan kowane ɗalibi yana da wayar da ke ɗaukar murya. Muna ba kwalejojin horon malamai shawara su ɗora wa kowane ɗalibi aikin hutu guda: ya nemi tsohon makaɗi a unguwarsu, ya gaishe shi da ladabi, ya nemi izninsa, ya ɗauki kiɗansa, ya rubuta sunan kowane take da wanda a ke yi wa shi. Muna roƙon hukuma ta keɓe wuri a Gidan Makama inda za a tara wannan, mai bincike da yaro mai fiyano duk su iya zuwa su saurara. Iyayenmu malamai masu ƙyamar kiɗa kuwa muna tabbatar musu ba shagala mu ke kira a yi ba, tarihin gari mu ke so a tsare.

Mu dai mun riga mun ba ajinmu wannan aiki, kuma yaron nan jikan makaɗi shi muka sa ya yi musu jagora. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar magabata, amin.