Uwargida, Kin Leƙa Bayan Gidanki Bayan An Ɗauke Ruwa?

'Yar'uwa, duk wadda ta bi hanyar Sakkwato zuwa Jega ta ratsa Tambuwal, ta ga tuddan nan masu shimfiɗaɗɗen kai kamar faifai. Mun saba da su har mun daina kallonsu, alhali a Suratul Gashiya an kira mu mu dubi duwatsu da ƙasa. Masana fasalin ƙasa kuwa karanta su suke yi kamar allo.

Jar marmarar da ke saman tudu hula ce mai tauri, a ƙarƙashinta yashi ne da yumɓu masu laushi. Muddin hular tana nan, gangare kuma da ciyawa da itatuwa, ruwan sama a hankali yake saukowa. To idan aka fasa marmara don gini, aka sare itace don girki (mu ne masu girkin, kada mu ɗora wa maza laifin duka), sai ruwa ya sami yashi tsirara. 'Yar tsagar da yaro yake tsallakewa bana, baɗi ta zama kwazazzabo.

Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne, kwazazzabo da baya yake ci. Ruwa yana faɗawa daga bakinsa, ya rarake ƙasan, saman ya rufta, a haka yake hawa tudu. Gidan da ke sama da shi ke cikin haɗari, ko da masu gidan suna ganin sun yi nisa. Yashin da ya kwasa kuma fadama yake kai wa. A wajen Kebbe, inda Gulbin Zamfara yake ratsawa, irin wannan yashi yakan binne ƙasar shinkafa, ya cike cikin gulbi, ruwa ya rasa wurin zama. Waɗanda suka ga ambaliyar 2010 a Jihar Sakkwato sun san abin da ruwa ke yi idan ya bar hanyarsa.

Wata shekara, kafin damina, na kai ɗalibaina bayan makarantarmu ta Islamiyya. Muka kafa turke taku goma daga bakin wani kwazazzabo, suka rubuta a littafinsu. Da kaka muka koma, saura taku shida. Wata yarinya ta kai wa mahaifiyarta labari, ita kuma ta gaya wa maigida, magana ta kai ga mai unguwa. Aka jera duwatsu a gicciye don rage gudun ruwa, aka dasa jema da gamba a gefe. Turken yana nan, kowace kaka 'yan aji na sama ke zuwa aunawa.