Darasin Murya da Koyar da Karatun Hausa a Ƙasar Gobir

Manyan hanyoyi biyu ake bi a aika da darasi ta intanet zuwa ga ɗalibin da ba ya gaban malaminsa. Ta farko ita ce watsawa kai tsaye, watau malami yana magana, ɗalibai suna ji suna kallonsa a wannan sa'a, ko da suna wani gari. Ta biyu ita ce wadda Turawa suka laƙaba wa suna fodkas tun 2004, watau a ɗauki muryar malami a ajiye, mai so ya sauke ta cikin wayarsa, ya saurara sa'ad da ya ga dama. Malamai da yawa sun fi ɗaukaka ta farko, don ta fi kama da aji. Amma in an auna su da halin ƙasar Sabon Birni da Isa, sai a ga ta biyu ta fi dacewa, balle wajen koyar da karatun Hausa.

Watsawa kai tsaye tana bukatar abu uku su haɗu lokaci guda: sabis mai ƙarfi, da waya mai caji, da ɗalibin da ya sami sukuni a daidai wannan sa'a. In ɗaya ya kuɓuce, darasi ya tafi. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantun Nijeriya saboda annobar korona, jihohi da dama, har da Sakkwato, suka koma ba da darasi ta rediyo. Rediyo ya kai nesa, amma abin da ya faɗa ya wuce ke nan, yaron da aka aika gona a lokacin ba shi da hanyar maido shi. Sa'an nan a watan Satumba na 2021 aka yanke layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, Sabon Birni da Isa suna ciki. Duk darasin da ya dogara ga haɗuwa kai tsaye, ranar nan ya tsaya.

Darasin da aka ɗauka aka ajiye kuwa, mutum guda ya isa ya sauke shi inda akwai sabis, ya zuba a memori, daga nan ya bi waya waya ta bulutut ba tare da an kashe ko kwabo na data ba. Wannan hanya ba baƙuwa ba ce, gama ta nan tafsiri da waƙoƙi ke yaɗuwa cikin kasuwannin ƙauye, kamar yadda dā suka yaɗu ta kaset.

Dalili na biyu ya shafi harshen kansa. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. Kalmar kuka, in gaɓoɓinta biyu duk suna sama, zubar da hawaye ake nufi. In ta biyu ta sauka, itaciya ce. Gari da ake zama ciki da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, tsawon wasalin farko ne kaɗai ya raba su. Babba yakan gane daga ma'anar jimla, amma yaro mai haɗa baƙi sai ya ji an faɗa. Nan hoton malami ba ya ƙara kome. Murya ce ake bukata, da ikon maimaita ta sau goma.

Akwai kuma abin da ya kamata masana su lura da shi. Yaron Gobir yakan ce shina zuwa inda littafi ya ce yana zuwa, ya ce hwari a maimakon fari, mi a maimakon me, na da ta a maimakon ne da ce. Littattafan makaranta kuwa da daidaitacciyar Hausa aka rubuta su, wadda aka gina bisa karin Kano. In duk muryoyin da ke cikin darussan na Kano ne, sai yaro ya ɗauka maganar gidansu kuskure ce, ya riƙa jin kunyar buɗe baki. Abin da ya fi shi ne malamin da ya tashi a Gobir ya yi bayani da Gobiranci, sa'an nan ya karanta abin da ke rubuce yadda yake, yana nuna inda suka rabu.

Amma fa murya ajiyayya ba ta jin ɗalibi, ba ta san inda ya yi tuntuɓe ba. Dole a sami malami ko wani babba kusa, wanda zai tsayar da ita, ya sa yara su maimaita, ya gyara musu. Saboda haka aikin yana wuyan kwalejojin horon malamai, irin su Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato: su koya wa ɗalibansu tsara darasi na minti 10, da ɗaukarsa da wayar hannu, da kuma yadda za a bi shi da yara in ya isa ƙauye.