Yini Guda A Aji Huɗu Na Makarantar Fada

Duk farkon shekarar karatu akwai tambaya guda da ke iske mu malaman makaranta a zango, ko a bakin masallaci bayan magariba, ko a wajen suna, ko a layin mai koko da ƙosai: "Masta, wai me ake koya wa yaranmu a makarantar Fada?" Mai tambayar yakan rage murya, kamar mai neman labarin gidan da ba a shiga. To, mu da Allah Ya sa aikinmu ya faɗo a ɗaya daga cikin makarantun 'yan Katolika a nan Kumasi, mun ga ya kamata mu buɗe ƙofar ajinmu a wannan shafi, mu zagaya da iyaye tun daga sharar safe har zuwa tashi. Gani ya kori ji.

Da farko yana da kyau a san irin makarantar da muke magana a kai. Limaman Katolika biyu sun sauka Elmina a 1880, wasu kuma suka shigo Navrongo ta arewa a 1906, duk inda suka kafa coci kuwa sai sun kafa makaranta a gefensa. A yau galibin waɗannan makarantu na firamare suna hannun gwamnati tare da cocin. Gwamnati ce ke biyan albashi, Hukumar Ilmi ta Gana ce ke tura malamai, kuma manhaja ɗaya ake bi da sauran makarantun gwamnati, har da namu na Islamiyya da ke ƙarƙashin Sashen Ilmin Musulunci da aka kafa a 1987. Dalili ke nan da ya sa za ka tarar da malami Musulmi ɗan zango yana riƙe da aji a makarantar Fada. Abin da cocin ke riƙe da shi shi ne sunan makaranta da tsarin tarbiyya da addu'o'i, Fadan unguwa kuma yakan leƙo ya ga yadda ake ciki.

Safiya

Kafin ƙarfe bakwai da rabi fili ya cika da ƙura, domin kowane rukuni na yara yana da yankin da yake sharewa, wasu su ɗebo ruwa, wasu su goge allo. Da an kaɗa ƙararrawa sai a yi layi aji-aji. A duba farce da haƙora da tsabtar riga, a yi addu'ar safe irin ta Katolika, a rera taken ƙasa, a yi alkawarin biyayya ga ƙasa, hedimasta ya yi sanarwa, sa'an nan 'yan ganga su buga, yara su yi maci zuwa aji. A makarantarmu yaro Musulmi yakan tsaya cikin layi shiru da ladabi lokacin addu'a, ba a tilasta masa ya furta kome.

A nan ne kuma matsalarmu ta farko take fitowa. Idan aka tsare 'yan makara a bakin ƙofa, abin kunya ne mu faɗa amma gaskiya ce, yaran zango sukan yi yawa a cikinsu. Wata ta tsaya kai wa uwarta tukunyar wake bakin titi, wani ya kai dare a makarantar allo bai farka da wuri ba. Tun 2017 hukuma ta hana bulala a makarantu, saboda haka horon bai wuce tsince shara ba. Amma hasarar ta fi horon girma, domin rabin sa'ar farko ita ce ta lissafin ka da shifta, kuma wanda ya rasa ta kullum, a ƙarshen zangon karatu ya rasa makonni.

Lissafi da kanti

Ajinmu aji huɗu ne, yara sun haura hamsin, uku-uku a bencin da aka yi domin biyu. A kusurwar baya muna da ɗan kanti da yaran suka haɗa da kansu: gwangwanayen madara da na tumatir da kwalayen ashana, duk babu kome ciki, kowanne da farashinsa a jiki, ga kuɗin takarda da muka yanka, sidi da fesuwa. Sai a sa yaro ɗaya ya zama mai kanti, sauran su zo sayayya. Wurin koyon gurbin lamba kuwa, tsinken tsintsiya muke ɗaurewa goma-goma, da marafan kwalba.

A wannan kanti babu mai kama ƙafar yaran zango. Yarinyar da ke tallar ruwan leda da yamma za ta ba ka canjin sidi ashirin kafin ka rufe baki. Amma ɗauki wannan lissafi ɗin, ka rubuta shi a allo da jimloli uku na Turanci, sai ka ga ta ƙura masa ido, fensir a baki. Lissafin tana da shi a ka, karatun ne ya tsare mata hanya.

Harsuna huɗu a kan yaro ɗaya

Wannan shi ne babban abin da muke so iyaye su gane. Tsarin da ake bi shi ne a koyar da yaro da harshen gida daga ajin yara ƙanana zuwa aji uku, daga aji huɗu kuma a juya zuwa Turanci. An taɓa soke wannan tsari a 2002 aka koma Turanci zalla, sa'an nan aka dawo da shi a 2007. Harsuna goma sha ɗaya ne gwamnati ta daɗe tana buga littattafan makaranta da su, irin su Tuwi da Fante da Ga da Ewe da Dagbani da Gonja, Hausa kuwa ba ta cikinsu, duk da yawan masu jin ta a kasuwanni da zanguna.

Watau ɗan Aboabo ko Asawase ko Sawaba yana tashi da Hausa a gida, ya je makarantar allo ya yi Larabci, ya zo ajinmu ya tarar da Tuwi, kafin ya gama daidaita ƙafa an ce daga yau Turanci. Ɗan'uwansa ɗan Asante tsani biyu kawai zai taka, shi kuwa huɗu. Wannan ba ƙaramar baiwa ba ce in yaro ya sami mai riƙe masa hannu, domin mun ga waɗanda suka fita da harsunan duka a bakinsu. In bai samu ba, sai ya koyi wata dabara mai haɗari: hadda. Kunnensa ya riga ya horu a gaban malamin allo, da an karanta shafi sau biyu ya ɗauke. Sai ya miƙe ya zuba shi tiryan-tiryan, malami ya yaba, alhali in ka nuna masa kalma ɗaya a tsakiyar layi ba zai iya fitar da ita ba.

Saboda haka bayan hutun ƙarfe goma mukan raba aji rukuni-rukuni. Masu karatu sosai su ɗauki littafin labari, mu kuma mu zauna da na baya da katin haruffa, muna haɗa sauti da sauti. Wani lokaci mukan saci minti biyu mu fassara kalma da Hausa, sai ka ga fuskar yaro ta washe.

Gwangwani uku a bakin taga

A darasin kimiyya na wannan zango mun shuka masara da wake a gwangwanayen madara. Ɗaya muna ba shi ruwa a bakin taga, ɗaya mun hana shi ruwa, na uku mun ba shi ruwa mun kulle a kabad. Kowace safiya yara su auna da rula su rubuta. Na cikin kabad ya fito dogo, fari fat, ba ƙarfi, aka yi ta gardama a kan dalili har yara da kansu suka gano rana ce ya rasa.

Tarihin Gana ya dawo firamare da sabuwar manhajar 2019. Yara sun san Yaa Asantewaa da yaƙin 1900, sun san Kwame Nkrumah da ranar 6 ga Maris 1957. Mu kuma mukan ƙara musu da fataken goro da kasuwar Salaga, da yadda yaƙin basasar 1892 ya watsa mutanenta zuwa garuruwa daban-daban, da Alhaji Umaru na Kete-Krachi, malamin da aka haifa a Kano ya rasu a 1934. Ranar da muka yi wannan darasi wani yaro ya ɗaga hannu ya ce kakansa ya ce su ma daga Salaga suka zo. Tun daga ranar ya koma bencin gaba.

Ƙarfe goma sha biyu

Da rana ta take tsaka ƙararrawa takan buga, kowa ya miƙe. 'Yan Katolika su yi addu'arsu ta tsakar rana, wadda suke tunawa da albishir ɗin da Mala'ika Jibrilu ya kawo wa Nana Maryamu. Ba ta wuce minti uku. Ranar Laraba da safe akwai taron ibada, a manyan ranakunsu kuma Fada yakan zo.

Ba za mu ɓoye wa iyaye ba, makarantun mishan ba duka suka zama ɗaya a wannan fanni ba. An sha samun saɓani a ƙasar nan a kan tilasta halartar ibada da kuma ɗaura kallabi, har Musulmi suka yi zanga-zangar lumana a Sekondi-Takoradi a 2015. Tsarin mulkin 1992 ya ba kowa 'yancin addininsa. Uba yana da haƙƙin ya tambayi hedimasta tun ranar rajista: yaya ake yi da yaro Musulmi lokacin ibada, da kallabin yarinya, da sallar Juma'a, da watan azumi? A yi maganar da rana tsaka, cikin mutunci. Limamin limaman ƙasa, Shaikh Usman Nuhu Sharubutu, da ƙafarsa ya shiga cocin Katolika a Akra a 2019 domin ƙarfafa zaman lafiya, bai kuma rage masa kome ba.

Darasin addini da tarbiyya kuwa na gwamnati ne, ya ƙunshi Kiristanci da Musulunci da addinin gargajiya. Ranar da muka zo kan shika-shikan Musulunci, yaran zango ne suka zama malamai. Suka kawo buta suka nuna alwala a gaban aji, 'yan'uwansu na kirga sau nawa ake wanke hannu.

Baƙon bencin baya

A bara wani dattijo ya zo mana da sassafe, ransa a ɓace. Ya ji 'yarsa tana rera waƙar coci tana wanke-wanke, ya zo ya cire ta. Muka gaisa, muka ce, "Baba Alhaji, 'yarka ce, hukunci naka ne. Amma muna roƙon arziki ɗaya, ka zauna mana a bencin baya zuwa azahar." Ya ce, "Masta, don kai ne." Ya zauna.

Da ƙararrawar sha biyu ta buga ya zuba wa yarinyar ido, ya ga ta tsaya hannu a ƙirji, bakinta a rufe. Bai ce kome ba. Abin da ya tayar masa da hankali ya riga ya faru tun da hantsi, lokacin da muka miƙa mata littafin aji biyu, ita da ke aji huɗu, ta kasa wuce layin farko. Da za shi tafi ya ce, "Masta, shekara huɗu ina duba ko ta yi salla, ban taɓa buɗe jakarta ba." Bai cire ta ba. Ya rage mata tallar yamma, ya sa yayanta ya riƙa zama da ita bayan isha'i. Maganar waƙa kuwa ya yi ta da hedimasta, suka fahimci juna. Yanzu tana aji biyar, tana karanta masa takardar asibiti.

Kira ga iyaye

Ƙarfe biyu ake tashi, yaranmu su ci abinci su wuce makarantar allo. Muna roƙon malaman allo su dubi yaron da ya yini a benci, a sallame shi da wuri ya sami barci. Muna roƙon iyaye mata su ɗauke wa yarinya tallar safe. Uba ko bai yi boko ba, ya buɗe littafin aiki ya duba jan biro, ya sa yatsa a kan kalma ɗaya a tsakiyar shafi ya ce a karanta masa. Ranar taron iyaye da malamai kuma a zo, domin a nan ake yanke maganar kallabi da Juma'a, kuma kujerun mutanen zango ne suka fi zama babu kowa. Wanda bai je kasuwa ba, ba ya ƙorafin ciniki.

Daga aji huɗu zuwa jarrabawar BECE shekara biyar ce kacal ta rage, kuma da Turanci ake rubuta kusan dukkanta. Ƙofar ajinmu a buɗe take, benci na baya yana nan. Allah Ya raya mana zuriya bisa imani da ilmi mai amfani, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.